Sikelin Wake da Mazagin Wandon Alhaji Maikuɗi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Sarkin Hausawanmu na Anaca, ranka ya daɗe. Allah gafarta Malam, limamin masallacinmu. Iyayenmu dattawan kasuwa. 'Yan'uwanmu da suka taso daga Kasuwar Artisan ta Inugu, da waɗanda suka yi sammako daga Mile 2 Diobu ta Fatakwal. Maƙwabtanmu Inyamurai da muke kasa kaya kafaɗa da kafaɗa a Head Bridge. Iyayenmu mata da ke can bayan labule suna jin komai. Matasa majiya ƙarfi, da tsofaffi masu cewa su ma a da sun yi: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ne Datti Indabawa, ɗan albasa, kuma sakataren Ƙungiyar 'Yan Ɗaga Ƙarfe, wadda yau take buɗe wannan rumfa. Ina godiya ga Sarki da ya zo da kansa, ina godiya ga Malam da ya sa albarka, ina godiya ga Gimba, tsohon soja, mai horar da mu ba tare da ya taɓa yin murmushi ba. Godiya ta musamman kuwa ga Alhaji Lawal Maikuɗi, wanda ya ba mu wannan fili, ya kuma ba ni izinin in tona labarinsa a gabanku. Ya ce in faɗa duka. Zan faɗi abin da ya dace.

Magana ta farko, yadda muka zo nan. Kun sani, da aka gama yaƙin basasa muka dawo garin nan kamar sandunan rake, wanda ya sami rumfarsa a tsaye ya gode, wanda ya sami toka ya share ya sake kafawa. Sai Allah ya buɗe ƙofar mai. Kuɗi ya shigo, ciniki ya buɗe, wanda yake takawa daga unguwar Fegge zuwa bakin gada ya sayi mota Fijo, wanda yake karya kumallo da koko ya koma shayi mai madarar gwangwani da ƙwai. Muka yi tumbi, muka kuma yi alfahari da shi, domin a kasuwar nan kafin dillali ya dubi kayanka sai ya dubi cikinka.

A cikinmu babu wanda Allah ya yi wa wannan buɗi kamar Alhaji Maikuɗi. Mutumin da ya ɗauki bulo a kansa ranar da muke sake gina masallaci, shi ne ya wayi gari ba ya iya kai goshinsa ƙasa. Aka ajiye masa benci a ƙarshen sahu, can wajen takalma. Da jiri ya kayar da shi a matakalar benensa, likita ya auna jininsa ya ce masa da Turancin kasuwa, "Alhaji, dis bele go kil yu," wato tumbin nan zai kashe ka. Ya dawo ya same ni a rumfa, ya ce, "Datti, mutuwa dai kowa zai yi. Abin da ba na so, ta same ni ina salla a kan benci."

Magana ta biyu, abin da muka yi, da wautar da muka tafka. Gimba ya cika gwangwanayen fenti da siminti, ya soke su da bututun famfo, ya samo aksul ɗin tsohuwar lori. Bayan asuba Alhaji ya ɗaga, ya tsuguna, ya tashi, ya yi nishin da har masu kwale-kwale suna tambayar ko lafiya. Ya rage sakwara, ya bar lemon kwalba, ya koma wake da ganye da kifi. To, da me za mu gane ana cin gaba? Mu 'yan kasuwa ne, sai muka kai shi sikelin da ake auna buhunan wake a bakin gada. Duk Asabar ya hau, da babbar rigarsa da hularsa, 'yan dako sun yi da'ira suna kallo kamar ana dambe.

Da fari allura ta ɗan sauko, muka yi ta murna. Daga nan ta tsaya. Wata ya wuce, wani ya bi shi, allura tana nan inda take kamar an kafa ta da ƙusa. Wata Asabar ma sai ta ɗan hau. Wani ɗan dako ya ce, "Alhaji, ko dai simintin kake sha?" Kasuwa ta ɗauki dariya. Alhaji ya sauko, da la'asar ya aiko cewa ya bari, a zo a kwashe gwangwanaye daga filinsa, a mayar masa da bencinsa wurin da ya fi inuwa.

A nan ne Yero, abokin cinikina, ya ja ni gefe ya ce, "Datti, sikeli fa ba baƙonmu ba ne. A ɗan taɓa shi mana ta ƙasa, Alhaji ya ji daɗi." Allah gafarta Malam, ban san yadda ake yin haka ba, kuma na yi mamakin yadda Yero ya sani. Ba mu taɓa ba.

Magana ta uku, inda mafita ta fito, kuma ba daga wurinmu ta fito ba. Washegari Hajiya Haulatu, uwargidan Alhaji, ta aiko a kira ni da Gimba. Muka tsaya a zaure, ta miƙo mana wani abu ta bayan ƙofa. Mazagin wandon Alhaji ne, wanda take zarewa duk ranar wanki ta zura a wani. Ta ce, "Malam Datti, dubi inda ya yi baƙi ya murɗe. Nan yake ɗaurewa shekara da shekaru. Yanzu dubi inda sabon ƙullin yake." Muka duba. Tsakaninsu ya fi taƙi guda. Ta ce, "Ku kuna can kuna auna shi da riga kamar buhu. Ni da nake wanke wandon ban ga wanda ya tambaye ni ba."

Gimba ya karɓi mazagin ya shiga wurin Alhaji, ya ce masa ya tuɓe riga. Jama'a, babbar riga aminiyar mai tumbi ce, amma maƙiyiyar mai ramewa ce, domin duka biyun rufe su take yi. Ciki ya janye, kafaɗa ta buɗe, damtse ya yi tauri. Gimba ya ce, "Ranka ya daɗe, kitse ya tafi, tsoka ta zo ta zauna a wurinsa, kuma tsoka ta fi shi nauyi. Sikeli jimla yake ba ka, ba ya gaya maka me ke cikin buhun." Alhaji ya ce, "Wato buhun barkono nake a da, yanzu ina komawa ƙullin gishiri." Kunya ta kama mu duka. Mu da muka tashi da mudu a hannu, muka san nauyi daban, cika daban, mu ne muka manta da haka a jikin ɗan'uwanmu.

Magana ta huɗu, roƙo. Ku dubi bangon nan, za ku ga igiyoyi a rataye, kowa da tasa. Duk sabon wata mutum ya zagaya ta a cibiya, da ƙirji, da damtse, ya ƙulla. Sikeli ma ba mu jefar da shi ba, amma da safe ake hawa, kafin a karya, ba riga, ba 'yan kallo. Matasa, kada allura ta karya muku zuciya. Dattawa, kada wanda yake da hawan jini ya taɓa ƙarfe sai likita ya yarda. Ku kuma dillalai, idan kun ga mutum ya rame, ku daina raɗa cewa ya karye. Na ji an fara, kuma lori biyu na Alhaji sun sauke wake jiya.

Sauran labarin da yawanku kun gani da ido. Juma'ar da ta wuce, Alhaji Maikuɗi ya wuce wajen takalma, ya shiga sahun gaba, ya yi ruku'u, ya kai goshinsa ƙasa. Ya daɗe a sujadar nan har na fara tunanin ko a je a ɗaga shi, sai ya tashi da kansa. Bencin kuwa, shi ne wancan da Gimba ya shimfiɗa wa buhu a tsakiyar rumfa. A kansa matasanmu za su kwanta su ɗaga ƙarfe.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya ja kwanan Malam, ya saka wa Hajiya Haulatu da alheri. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, kada ya sake nuna mana abin da muka gani. Allah ya mai da baƙinmu Inugu da Fatakwal lafiya. Allah ya ba mu arzikin da jikinmu zai iya ɗauka, ya bar mu da ƙarfin yin sujada har ranarmu ta ƙarshe.

Na gode.