Albarkar da Na Hana Ƙanena

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu mai cetonmu. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayenmu mata na zumunta, matasa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Saboda baƙin da ke cikinmu, sunana Ishaya. Ina aiki a wani kamfanin jima a Challawa, ɓangaren da ake wanke fata a cire mata gashi. In kun ji ɗan wari yana tasowa daga bencin baya, kada ku zargi kowa, ni ne. Sabulu yana iya ƙoƙarinsa. 'Yan gida kuwa sun fi sanina da Baba Amin, domin in ana addu'a, amin ɗina ne yake tada masu gyangyaɗi.

Watannin nan kun lura amin ɗin ya ɓace. Mama Talatu har citta da kanumfari ta aiko mini, wai mura ce ta kama ni. Na gode Mama, na sha, amma ba maƙogwaro ne ya lalace ba. Ciwon da na yi sunansa hassada. Kuma ba wani bare nake yi wa ba, ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, Luka, ga shi can zaune da matarsa Rahila da 'ya'yansu.

Mu mutanen wani ƙauye ne wajen Sumaila. Ni ne ɗan fari, Luka ne auta. Tun ina saurayi nake jin kiran aikin bishara a raina, har an yi mini alkawarin gurbi a makarantar horar da masu wa'azi. Sai babanmu ya kwanta ciwon ajali. Ya kama hannun Luka, lokacin ko wando bai iya ɗaurawa ba, ya sa a cikin nawa, ya ce, "Ga ɗanka." Shi ke nan maganar makaranta ta mutu. Na shigo Kano na shiga jima don gida ya ci abinci. Ni na koya wa Luka addu'a, ni na kai shi makarantar da ban samu zuwa ba. Ran Asabar kuma in na tashi aiki, sai in hau babur in shiga ƙauyuka ina wa'azi. Na ɗauka na daɗe da yin sulhu da Allah a kan wannan rabo.

Ashe ban yi ba.

Ranar da Baba Fasto ya tsaya a nan ya ce hukumar mishan ta zaɓi Luka da iyalinsa su tafi Italiya, su yi aiki cikin 'yan'uwanmu da suka keta sahara da teku suna wahala a gonakin tumatir, kun tuna yadda ɗakin nan ya ɗauka. Mata suka rangaɗa guɗa, matasa suka buga ganga. Ni kuwa ƙirjina ya yi zafi kamar na haɗiyi garwashi. Aka yi addu'a, kowa ya amsa, na buɗe baki, babu abin da ya fito.

A hanyar gida ina tuƙa babur ina magana ni kaɗai. Mishan a Turai? Mishan da na sani shi ne laka, da sauro, da karen ƙauye yana bin ka da gudu. Wannan ai ba mishan ba ne, hutu ne aka sa wa sunan Allah. Ni da na sha rana ina kwance a cikin ruwan fata, ko tashar jirgin sama ban taɓa shiga ba, sai yaron da na goge wa majina!

Daga nan komai nasu ya koma ba ni haushi. Rahila ta sayo wa yara rigunan sanyi na gwanjo, suka sa suna zagaya tsakar gidana cikin zafin Kano suna dariya, na ce a cire, ana ɗaga mini hankali. Suna koyon yaren can a waya. Ƙaramar 'yarsu ta rugo ta rungume ƙafata ta ce, "Cawo, Baba!" Na ce mata a gidan nan "ina wuni" ake cewa. Yarinya ta saki ƙafata ta koma bayan uwarta. Har yau in na tuna fuskarta sai in ji kunya.

Innarmu tana zaune a wurina a Kumbotso. Kun san alkunyar iyayenmu a kan ɗan fari. Tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "wannan", ko "mai gidan nan". Amma Luka, baki har kunne: autana kaza, autana zai hau jirgi. Duk maƙwabciyar da ta shigo sai ta ji labari. Da can abin bai taɓa damuna ba, na san al'ada ce. Amma da ciwon nan ya shige ni, kowane "autana" sai ya zauna mini a ciki kamar tuwon da bai dahu ba.

Wata ranar Lahadi bayan sujada Luka ya zo gida, ya cire takalmi, ya durƙusa a gabana. Babban mutum, fasto guda, ya durƙusa.

Ya ce, "Yaya, hukuma ta amince, takardun tafiya sun fito. Amma Baba a hannunka ya bar ni. Ba zan sa ƙafa a jirgi ba sai ka sa mini albarka."

Na dube shi na ce, "Ina addu'a a kai."

Ku 'yan coci kun san maganar nan. In mutum ba ya so ya ce a'a, kuma ba ya so a ce ya ƙi, sai ya ɓuya a bayanta. Ba wanda zai iya yi maka gardama, don wa zai ce kada ka yi addu'a? Luka ya ce, "To, Yaya, Allah ya bishe ka." Ya tashi ya tafi. Ya dawo, na ba shi amsar nan. Ya sake dawowa, na sake ba shi. Gaskiyar magana kuwa, ko sau ɗaya ban durƙusa a kan zancen ba.

A wurin aiki akwai abokina Malam Sani, mutumin Jigawa, tare muke juya fata shekara da shekaru. Ya ji labari, ya same ni lokacin cin abinci, ya kama hannuna da murna.

Ya ce, "Ashe ƙaninku zai ƙetare? Allah ya sanya alheri, Allah ya kai su lafiya, ya tsare su a ƙasar mutane."

Na ci gaba da tauna gurasa.

Ya ɗan jira, sannan ya ce, "Malam Ishaya, addu'a fa na yi. Ko a addininku an daina amsawa ne?"

Na ce baki ne cike da abinci. Ya kalle ni, ya girgiza kai. Musulmi ya yi wa mai bishara addu'a da zuciya ɗaya, yayan mai bisharar ya kasa amsawa.

Ban tsaya nan ba. A taron dattawa na ɗaga hannu na ce, ni ba na ƙin aikin Allah, amma a duba tsohuwa. Na ce Inna ta tsufa, in aka raba ta da autanta zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Na yi maganar da murya mai taushi, har wasu dattawa suka gyaɗa kai. Ku gafarta mini, iyayena. Ba Inna nake tausayi ba, da ita na yi garkuwa.

Jikina ma ya karɓi nasa rabon. Gyambon ciki ya taso, abinci ya daina yi mini daɗi, na rame har wandona yana zamewa. Na sha maganin kemis, na sha na gargajiya. Ina magani zai kai wurin da ciwon yake?

Lokacin tafiya yana matsowa, albarka ba ta fito ba. Wata safiya ina shirin fita, matata Saratu ta tare ƙofa.

Ta ce, "Baban Alheri, Rahila ta gaya mini Luka zai je ya ce wa hukuma su nemi wani. Ya ce tunda har yanzu Allah bai ba yayansa salama ba, wataƙila ba nufinsa ba ne. Shi fa da gaske ya ɗauka addu'a kake yi. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da kai, na san gwiwarka ba ta taɓa ƙasa ba."

Na ce ta matsa in wuce. Amma 'yan'uwa, in faɗa muku abin da ya fi muni? Da na ji zai fasa, wani sanyi na ji a raina. Daɗi na ji.

Ran Asabar Saratu ta matsa mini in je gidan Luka a Na'ibawa in ɗauko keken ɗinkin da Rahila ta bar mata, domin tun kafin wannan magana sun riga sun rabar da kayan gidansu. Na shiga na tarar da falo wayam, babu kujera, babu labule, sai alamar inda hotuna suka zauna a bango. Luka yana zaune a kan tabarma shi kaɗai. Idonsa ya yi ja.

Na ce, "Mai zuwa Turai ne yake kuka?"

Bai ji zafin maganar ba. Ya ce, "Yaya, zauna." Na zauna.

Ya ce, "Ko na tafi ko ban tafi ba, akwai abin da nake so in roƙe ka tun tuni, na kasa. In Allah ya sa na tafi, ka san Inna ba za ta jira dawowata ba. Ƙafarta ta kumbura, numfashinta ya ragu. Ran da za a sa ta a rami, ni ina can, sai dai a kira ni a waya. In ka ɗebi ƙasa ka zuba naka, ka sake ɗiba ka zuba nawa. Ka faɗi sunana a bakin kabarin, don ta san ban guje ta ba."

Ya share ido ya ce, "Kai za ka riƙe hannunta har ƙarshe. Wallahi Yaya, wani lokaci in na ga kana ba ta kunu a baki, sai in ce Allah me ya sa ba ni ka bar wa wannan ba."

Na ɗaure keke a bayan babur na tafi. Duk watannin nan jirgi nake gani, da dusar ƙanƙara, da hoton da za a liƙa a allon coci. Ban taɓa tsayawa na ga abin da yaron nan zai ajiye ba.

Ran Litinin a wurin aiki, da aka tashi hutun rana, abokan aikina suka tafi sallar azahar. Na zagaya bayan manyan gangunan da ake juya fata, na durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti, da takalmin roba da komai. Ban iya addu'a mai tsari ba ranar. Na ce, "Ubangiji, haushinka nake ji. Ni na fara jin kira, ka bar ni cikin wari ka ɗauki ƙanena. Na yi ƙarya da sunan addu'a. Na yi murna da zai fasa aikinka. Ga zuciyar, ta fi fatar nan ɗoyi, in za ka iya wanke ta ka wanke."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Baba. Ban ji murya daga sama ba, ban ga haske ba. Abin da na sani shi ne, da na buɗe baki in ci gaba da kai ƙara, sai na ji ina roƙa wa Luka lafiya. Ina roƙa wa Rahila haƙuri, ina roƙa wa yaran abokai a ƙasar da ba su san kowa ba. Nauyin da ke ƙirjina ya sauka. Da yamma na cinye tuwo malmala guda har na nemi ƙari. Halleluya!

Ba zan ce muku an cire ciwon da saiwarsa ba. Jiya da na ga akwatunansu a jere, ya ɗan motsa. Amma yanzu na san sunansa, kuma na san inda zan kai shi. Na gode wa Yesu da bai bar ni na tare hanyar bishara da jikina ba. In akwai wani a nan da alherin ɗan'uwansa yake hana shi barci, kada ka tsaya shan citta. Ka kai wa Ubangiji abin yadda yake, da warinsa, ba zai kore ka ba. Ka dogara gare shi, ya san abin da ya ba kowa.

Na riga na gaya wa Luka kada ya je wurin hukuma, amma albarkar ban ba shi a gida ba. A gaban dattawa na tare shi, don haka a gabanku nake so in sake shi. Baba Fasto, a ba ni izini.

Luka, taso. Rahila, kawo yaran. A'a, kada ka durƙusa, ka durƙusa ya isa haka. Kawo hannunka.

Baba ya sa hannun nan a cikin nawa, na riƙe iya ƙarfina, har na so in wuce gona da iri. Yau na mayar da shi hannun mai shi. Ubangiji ya sa maka albarka, ya buɗe bakinka a cikin baƙon yare, ya sa waɗanda teku bai cinye ba su ji ta'aziyya ta wurinka. Inna tana wurina, kada ka waiwaya.

Ka tafi, ɗana. Na sake ka.