Tef ɗin Goggo da Farantin Gwaji

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar makarantarmu, likitoci da ma'aikatan jinya da suka baro aiki suka zo, malamai abokan aikina, iyayenmu maza da mata, da ku ɗalibai da aka yi taron nan dominku, assalamu alaikum.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya zaman nan, ina godiya ga waɗanda suka jera kujeru tun da safe, ina kuma godiya ta musamman ga 'yan layin baya, waɗanda suka ji an ce malamar ɗakin gwaji za ta yi magana a kan fitsari, amma ba su gudu ba.

Bari in fara da wani ruɗani da yawancinmu muka taso da shi. Mutum ya ji zafi wajen fitsari, yana zaryar banɗaki, mararsa ta ɗaure, sai ya ce ai sanyi ne. Ya haɗiyi kafso biyu, zafi ya lafa, ya ce ya warke. Kuskure biyu ke nan a numfashi ɗaya: ba kowane kafso ne maganin kowace ƙwayar cuta ba, kuma lafawar zafi ba ita ce warkewa ba.

Ina da shaida a cikin gidanmu. Goggona, ƙanwar mahaifina, tela ce. Shagonta na ƙarshen layin masu ɗinki, banɗaki kuma yana can ɗaya ƙarshen. Don kada ta tashi daga kan keke, sai ta ƙi shan ruwa, in fitsari ya matsa ta ce ya jira ta gama hannun riga. A aljihun kekenta akwai wani gwangwani, rabinsa maɓallai, rabinsa ragowar kafso: na maƙwabciya, na surukarta, har da wanda aka ba mijinta lokacin ciwon haƙori. Sau uku ciwon mafitsara yana kama ta, sau uku tana buɗe gwangwani. Na yi magana har na gaji. Sai ta ce, “Ke 'yar nan, mun tura ki makaranta ki zama likita, kin ƙare a leƙen fitsarin mutane, shi ne za ki koya mini shan magani?”

A karo na huɗu gwangwani bai amsa ba. Zazzaɓi ya rufe ta, kwiɓinta ya riƙe, ta kasa taka keke. Da muka kai ta asibiti, likita ya ce cutar ta baro mafitsara ta kama hanyar ƙoda, kuma ƙoda ba riga ba ce da za a farke a sake ɗinkawa. Ya ce a kawo fitsari a gwada. Goggo ta buɗe jaka ta fito da shi, ashe ta zo da shirinta, a cikin kwalbar man keke! Na ce, “Goggo, wannan fa?” Ta ce, “Na wanke ta da sabulu sau biyu, ta fi kofin gidanku tsafta.” Da ƙyar na lallashe ta ta karɓi kwalbar asibiti.

Daga nan zan ciro muku darasi uku.

Na farko, maganin kashe ƙwayoyin cuta yana aiki, kuma yana aiki da kyau idan an dace da shi. Ciwon mafitsara da bai yi nisa ba, galibi cikin kwana ɗaya ko biyu mai shi yake jin sauƙi, cikin 'yan kwanaki a rabu lafiya. Amma idan da zazzaɓi, ko ciwon kwiɓi, ko amai, ko mai ciki ce, ko namiji, ko ƙaramin yaro, to ba zancen jira ba ne, ba zancen gwangwani ba ne, zancen asibiti ne. Shi ya sa likita ya fara wa Goggo magani nan take, ya ce gwaji zai faɗa mana ko a ci gaba da shi ko a canza.

Na biyu, sai an gwada akan san na ƙwarai. A ɗakinmu mukan shuka ƙwayoyin cutar da ke cikin fitsarin a kan faranti, mu jera wasu 'yan takardu zagayayyu a kai, kowace ɗauke da magani daban. Maganin da ya fi ƙarfin cutar, sai ka ga fili fes ya kewaye takardarsa. Wanda cutar ta raina, sai ta tsiro har jikinsa. Bayan kwana uku, da Goggo ta ɗan farfaɗo, na nuna mata nata farantin a rufe. Ta ce, “Waɗannan maɓallan fa?” Na ce, “Wannan mai faffaɗan fili shi ne na likita. Wannan kuwa da cuta ta kwanta a jikinsa tana hutawa, kafsonki ne.” Ta jawo farantin gabanta. Can ta zaro tef daga wuyanta ta ɗora a kan murfin, ta auna wannan, ta auna wancan. Ta ce, “Shekara talatin ban taɓa sa almakashi a yadin mutum ban auna ba. Ashe jikina kaɗai nake yi wa yankan ido.”

Na uku, a cika kwanakin da likita ya rubuta, ba ragi ba ƙari. Wanda ya tsaya a tsakiya ya kashe maciji bai sare kansa ba. Kuma duk kafson da aka sha ba bisa ƙa'ida ba, horo ne ake ba ƙwayoyin cuta, har su wayi gari ba sa jin maganin. Goggo da allin ɗinkinta ta riƙa jan layi a bango, kowace ƙwaya layi ɗaya, har ta cika. Ƙodarta ta tsira. Yanzu gorar ruwa ce a gefen kekenta, gwangwani kuwa maɓallai zalla. Fararen rigunan da ɗalibanmu suke sanye da su yau, ita ta ɗinka. Ga ta can a layi na biyu tana hararata, don na tona zancen kwalbar man keke.

Ɗalibai, gani ya kori ji. A teburin da ke bayan zauren nan mun ajiye faranti shida na koyarwa, a rufe ruf, da rula da jadawali kusa da kowanne. In an tashi kada ku wuce. Ku auna filin da kanku, ku duba jadawalin, ku zo ku gaya mini maganin da ya yi nasara. Wanda rula ba ta kai gare shi ba, Goggo ta ce za ta ara masa tef, da sharaɗin ya dawo da shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu jinyarsu haƙuri, ya sa albarka a karatun yaran nan, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.