Lambar Tsohuwar Ma'ajiya

A rumfar mai gyaran kwamfuta, wata mata mai ɗinki ta tsaya a kansa yana aiki. Ya ɗago ya ce mata:

"Yaya, na kwashe komai zuwa sabuwar ma'ajiyar bayanai, amma manhajar zanen ɗinkin ta ƙi buɗewa. Lambar tsohuwar kaɗai ta sani."

"To canza mata lambar mana, ƙanena."

"Wadda kamfani ya buga a jiki ba ta canzuwa. Akwai ta biyu da kwamfuta ke bayarwa, ita zan mayar irin ta tsohuwar. Amma tsaya, manhajar taki ce?"

"Kallon ɓarauniya kake mini? Babana ya saya. Duk zanen da ya yi a rayuwarsa yana ciki. Wata amarya na jiran rigarta, ta dage sai furen da ya yi wa mamarta."

"To ki kira shi ya tabbatar."

"In kana da lambar inda yake, kira mini shi. Ina da tambayoyi da yawa."

Mai gyara ya ci gaba da danne-danne. Can ya juyo mata da fuskar kwamfutar.

"Allah Ya ji ƙansa. Wannan ne furen?"

"Shi ne! Ka ga ganyen nan da ya karkace? Har ya rasu bai yarda kuskure ba ne."

"Tsohuwar ma'ajiyar fa? In jefa ta kwando?"

"Miƙo mini ita."

"Ba ta aiki fa, Yaya."

"Shi ma Baba ya daɗe ba ya aiki, ba mu jefar da shi ba. Nannaɗe mini ita da kyau."