Baƙin Gilashi da Sabuwar Hula

A tashar Kalgo muna jiran motar Gwandu ta cika. Wani dattijo mai ɗinkin huluna ya rungume kwamfutarsa, wata ɗaliba na zaune gefensa.

"Baba, irin wannan runguma haka, ba ta da lafiya ne?"

"Wata biyu ke nan, ɗiyata. Aka ce in sa mata wani tsarin kwamfuta mai suna Linux, wai kyauta ne. Na sa. Washegari na kunna, sai baƙi ƙirin, ɗan farin layi guda yana ta ƙyafta mini ido."

"Ba ka nemi taimako ba? Ai akwai zauren masu amfani da shi a waya."

"Na shiga mana! Ina cikin gaishe su da iyali, wani mara kunya ya ce in bar surutu, in turo hoton abin da nake gani. Na ɗauka na tura. Ashe baƙin gilashi madubi ne. Ni na fito, da ƙubena a ka."

"Sai suka ce me?"

"Amsa talatin. Mutum ɗaya ya ce in je in karanta bayani. Sauran duk suka ce, Malam, ina ake samun hular nan?"

Sai da ta gama dariya ta miƙa hannu. "Kawo, Baba, aikin minti biyar ne."

Ya janye kwamfutar da sauri. "Kul! Duk Juma'a nake tura musu matsalar, da sabuwar hula. Har Legas ake saye."

"To gyaran fa?"

"Bar mini lambarki. Sai bayan Babbar Sallah."