Tarina na Ranar Lahadi da Gaiwar Inna

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya tara mu yau da ranmu da lafiyarmu.

Yawancinku kun san ni. Ni ne Tanko masunci, mutumin ƙasar Haɗeja, mai zama can baya kusa da ƙofa. Wanda bai san sunana ba ma ya san tarina. E, ku yi dariyarku, ga malaminmu Baba Ishaku can yana rufe baki da hannun riga. Shekara shida ina zuwa majami'ar nan ta Lokoja. Kowace Lahadi, in muka miƙe muna faɗin abin da muka gaskata, lafiyata ƙalau har mu iso wurin da ake cewa matattu za su tashi. Nan sai tari ya sarƙe ni. Da an wuce wurin, sai in warke.

Iyayenmu mata har saiwa suka jiƙa mini. Na sha, Allah ya saka muku. Amma yau zan faɗi gaskiya: maƙogwarona lafiya lau yake. Ba na so in yi ƙarya a gaban Allah, kuma ba ni da ƙarfin halin faɗin gaskiya a gabanku. Ban yarda matattu za su tashi ba.

Ku ji dalili.

A wani ƙauye kusa da Auyo aka haife ni, a bakin fadama. Ubanmu masunci ne, ya rasu ya bar mu biyu a hannun Inna, ni da ƙanena Gambo. Shekarun yaƙi ne, gari ba ya amince wa gari. Wata safiya za mu tafi su a tafki, Inna ta ce mini, "Ka kula da ƙanenka." Rana ba ta yi tsaka ba mahara suka faɗo mana. Igiya ɗaya aka ɗaura mana a wuya, aka kora mu kudu.

Gambo bai kai ba. Ƙafafunsa suka kumbura, zazzaɓi ya kama shi, wata rana ya faɗi a kan hanya bai ƙara motsi ba. Suka yanke shi daga igiyar. Na roƙe su su bar ni in tona masa rami ko da farcena ne, bulala ce ta amsa mini. Ba wanka, ba likkafani, ba salla. Da na waiwaya, ungulaye sun riga sun sauka a kan bishiya, kuma duk hanyar nan sawun kuraye ne.

Na taso ina jin zancen tashin kiyama kamar kowane ɗan Musulmi. A ranar nan ya zube daga zuciyata. Me ya rage na Gambo da zai tashi?

Aka yi ta sayar da ni daga hannu zuwa hannu har na faɗo garin nan. Ku kuka fanshe ni. Baba Ishaku da wuƙarsa ya yanke igiyar wuyana, bai tambaye ni ko zan bi addininsa ba, ruwa kawai ya miƙo mini. Da na ji cewa saboda Yesu kuka yi, na ƙaunace shi, kuma ba ƙaunar baki ba.

Shi ya sa wata rana na tare Baba na ce, "Baba, ba zan iya bin Yesu haka nan ba? Ya kwance ni. Ya cire mini ƙiyayya. Ya koya mini cin abinci da wanda ba yarena ba. Wannan bai isa ba? Zancen lahira ku bar wa waɗanda 'yan'uwansu ke da kabari."

Ya ce, "Ɗana, ci gaba da zuwa, ba mai korarka. Amma ruwan baftisma shiga kabari ne da fitowa. Ba zan sa ka ciki ba alhali kana ganin babu fitowa."

Na ji haushi ƙwarai, na ce a raina tsohon nan taurin kai gare shi. Na ci gaba da zuwa, na ci gaba da tarina. A ido lafiya nake. Amma kun lura duk ranar da za a binne wani a cikinmu sai kamun kifi ya taso mini? Jirgina nake turawa can tsakiyar kogin Kwara da goran bammi, in sha har in daina jin waƙarku daga tudu. Ɗan maƙwabcina ya rasu, na kasa taka ƙofar gidansa, don ba ni da abin da zan ce masa. Wayyo, kunyar wannan har yau tana cina!

Bara, fataken kanwa suka sauko daga Haɗeja, wani a cikinsu ya ce mini Inna tana da rai. Na bi ayarinsu ina kora musu jakuna. Kun ce kada in je, za a iya sake kama ni. Ba wannan nake tsoro ba. Duk tsawon hanya tambaya ɗaya ce ke gabana: me zan ce mata game da Gambo?

Da tsakiyar rani na isa gida. Fadama ta bushe ta tsattsage, jirage suna kife a kan tudu. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, ta tsufa, ta ƙanƙance. Ni ne babban ɗanta namiji, a wurinmu kuwa uwa ba ta kama sunan babban ɗanta. Ta ɗaga kai ta ce, "Kai ne?" Sai ta leƙa bayana. "Ina Gambo?"

Na durƙusa na faɗa mata duka, ban rage ko ungulu ɗaya ba. Ta yi kuka har faifan ya zame daga cinyarta. Can ta yi salati, ta share fuska, ta ce, "Allah ya haɗa mu da shi ranar tashi."

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Inna, wane tashi? Me ya rage da zai tashi?"

Ta zuba mini ido. Tunda na riga na ɓallo, sai na ƙarasa, na gaya mata yanzu da mabiyan Annabi Isa nake zaune, su suka fanshe ni. Ba zan yi muku ƙarya in ce ta ji daɗi ba. Sannan ta ce, "Kai ɗan nan, tashi ka shiga rumbu. Akwai curin laka a gefen dama, ɗauko mini."

Ku mutanen babban kogi ruwanku ba ya ƙafewa, bari in bayyana muku. Muna da wani kifi, gaiwa. In ruwan fadama ya janye, sai ta nutse cikin laka ta naɗe, lakar ta bushe a kanta. Mu kuma sai mu bi da dagi, ƙarfen haƙa, muna neman 'yar ƙofar da ta bari, mu haƙo ta da curinta, mu ajiye har ranar da ake so. Gambo ba abin da yake so kamar miyar gaiwa. Ashe tun da aka kama mu, kowane rani sai Inna ta roƙi masunta su ajiye mata guda, wai kada 'ya'yanta su dawo su tarar babu kifi a gida.

Na ɗauko curin. Ta ce tun ranin da ya wuce yake nan, bana ba ta samu sabo ba. Na ƙwanƙwasa, na jijjiga, ba nauyi, ba motsi. Na ce, "Inna, wannan ai ta daɗe da mutuwa." Har na ɗaga hannu zan wurga shi bayan danga.

Ta daka mini tsawa. "Shekara nawa ka yi a kudu har ka manta aikin ubanka? Sa ta a ruwa!"

Ni, ɗan masunci, jikan masunci, tsohuwa ce ke koya mini gaiwa! Na zuba ruwa a kwatarniya, na saka curin. Laka ta narke a hankali. Ga wani baƙin abu a naɗe, ya rame, wutsiya a kan fuska, fatar da ta rufe shi kamar busasshen ganye. Shiru. Na ce, "Kin gani?" Inna ko kallona ba ta yi ba, tsintar shinkafarta take.

Sai wutsiyar ta motsa. Gaiwar ta miƙe, ta taso saman ruwa, ta buɗe baki ta ja iska.

Kun san ni da gardama. Na ce, "Inna, ita ai ba mutuwa ta yi ba, kwanciya ta yi. Kuma jikinta yana nan. Gambo fa kuraye suka ci."

Ta ajiye faifai ta ce, "Kurar da ta ci shi, ta fita da shi daga ƙasar Allah ne?"



Ta ce, "Kuma shi Annabi Isan da ka ce kana bi, ba shi ne malamai suka ce yana ta da matattu da izinin Allah ba? To in wannan ba ka yarda da shi ba, me ka bi a wurinsa? Tuwo?"

Jama'a! Abin da Baba Ishaku ya yi shekara shida yana lallaɓa ni a kansa, uwata, wadda ba ta taɓa ganin ƙofar majami'a ba, ta faɗa mini shi gatsal da rana tsaka.

Na kasa yanka gaiwar nan. Na ɗauki kwatarniyar a ka, na nufi tafkin da bai ƙafe ba, wanda aka kama mu a bakinsa. A can na durƙusa cikin laka, kuma a can na ga abin da nake ɓoyewa har ga kaina. Ashe ba wuyar tashin matattu ce ta dame ni ba. Tsoro nake ji. In Gambo zai tashi, to zan haɗa ido da shi, ni da aka ce in kula da shi, na tafi na bar shi a kan hanya.

Na ɗaga murya na ce, "Ya Yesu, na ba ka wuyana ka kwance, na hana ka ƙanena. Shekara da shekaru ni nake ɗauke da shi, na gaji. Kai ka shiga mutuwa ka fito, ka san hanyar. Ga Gambo, karɓe shi. Ni kuma ka yafe mini."

Na yi kukan da bulala ta hana ni yi a ranar can. Da na tashi, wuyana sakayau. Igiya ta biyu ce ta faɗi, wadda wuƙar Baba ba ta kai gare ta ba. Yabo ga Ubangiji!

Na karkata kwatarniyar, gaiwa ta sulale ta tafi abinta. Da na koma gida hannu wofi, Inna ta ce, "To, mai tausayi, yau sai ka ci tuwonka gaya." Muka yi dariya, ni da ita, ido cike da hawaye.

Kada ku tambaye ni yadda Allah zai yi da Gambo, ko da Inna da na baro tana sallarta. Ban sani ba. Na dai san hannun da na sa su a ciki, shi ne hannun da ya neme ni ina da igiya a wuya, kuma hankalina a kwance yake.

Mai tunanin zai bi Yesu ya ajiye zancen tashi a gefe, ya zo ya tambaye ni, na gwada shekara shida. Ana iya zuwa majami'a, ana iya rera waƙa, ana iya zama mutumin kirki ma. Amma ranar da uwa ta leƙa bayanka ta ce ina ƙanenka, a nan za ka san ko akwai wani abu a hannunka. Tun da na dawo ban ƙara taɓa bammi ba, kuma makon jiya da kafaɗata aka ɗauki makara.

Na gode wa Allah, na gode wa Yesu mai fansata, na gode muku da kuka haƙura da tarina. Duk mai wani nasa da ya bari a kan hanya, ya daina ɗaukarsa shi kaɗai, ya miƙa wa wanda ya san ƙofar fita.

Baba, kogi yana jiranmu, yau ka sa ni ciki, na san akwai fitowa. Amma kafin mu sauka, mu miƙe mu faɗi abin da muka gaskata, kuma in mun zo wurin nan, ku yi shiru ku bar mini shi. Iyayenmu mata, ku ajiye saiwarku.

Matattu za su tashi. Gambo zai tashi, zan kuma haɗa ido da shi.

Kun ji? Ko gyaran murya ban yi ba.