Wa'adin Madatsa Ya Wuce Muna Kiwon Rani

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Buba, Bafulatani, mazaunin Ƙofar Dumi a Bauchi. Malamin da ke maƙwabtaka da ni ne ya rubuta mini wannan.

A da rugarmu tana bakin wani kogi, gaba da Zungur. Sai wani kamfani ya nemi izinin gina madatsar ruwa don samar da lantarki. Aka liƙa takarda a ofishin hukuma, wai mai ƙorafi ya kawo a rubuce cikin wata biyu. Mu kuwa mun tafi kiwon rani. Wa zai gaya mana?

Da muka dawo, na je na durƙusa gaban dagaci, na ce nan ne mashayarmu, nan kuma kabarin mahaifina yake. Ya ce ya ji. A wurinmu, in babba ya ce ya ji, magana ta ƙare. Na koma gida na saki jiki. Daga baya wani akawu ya ce mini, "Baffa, wa'adi ya wuce, an ba su lasisi."

Ƙanena Sambo ya kora shanunmu zuwa Adamawa. Ni ƙafata ta ƙi doguwar tafiya, sai na tare a cikin gari. Yanzu igiya nake tufkawa a zaure. Gari na ta shirin bikin 'yancin kai, ni ko wanda zan yi Fulatanci da shi ban da shi.

Jama'a, ku gaya mini, in mulki ya dawo hannun namu, za a saurari maganar baki?

Sambo, in kana kusa da rediyo, ka aiko da saƙo. Farar saniyata ta haihu kuwa?