Ranar da Nura Ya Shiga Filin Wasa

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa. Sabo ne daga Roni.

Ɗana Nura mai shan inna ya samu gurbi a jami'a, amma ya ƙi zuwa, wai za a riƙa kallonsa. Na lallashe shi muka je ganin wurin. Bayan mun zaga azuzuwa, muka tarar da ɗalibai irinsa a fili suna ƙwallon kwando a kan kekuna. Ɗayansu ya ce, "Ɗan'uwa, shigo, mutum ɗaya muke nema!"

Suka ara masa keke. Har na je na yi sallar la'asar na dawo bai fito daga filin ba. A mota ya ce, "Baba, yaushe ake rajista?"

Masu sauraro, a ina ake samun irin keken nan? Ina gaida 'yan'uwana na Gwiwa.